Yadda Ɗalibin Musaya Zai Bar Gida Ya Sauka Jamus Cikin Tsari

Ɗalibin musaya shi ne wanda jami'arsa ke turawa wata jami'a a ƙasar waje domin ya yi zangon karatu ɗaya ko biyu, sannan ya dawo ya ƙarasa digirinsa a gida, a haɗa masa sakamakon can da na nan. Hanyoyin da aka fi sani na zuwa Jamus ta wannan fuska su ne shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai, wanda ya buɗe ƙofarsa ga jami'o'in da ke wajen Turai a 2015, da tallafin DAAD, hukumar Jamus ta musayar ɗalibai da malaman jami'a mai hedikwata a Bonn, da kuma yarjejeniyar da jami'o'i biyu kan ƙulla tsakaninsu kai tsaye. Abin da ya bambanta ɗalibin musaya da mai zuwa yin digiri gaba ɗaya shi ne ƙarancin lokaci. Wanda zai yi wata biyar kacal ba shi da sararin ɓata wata guda yana neman ɗaki ko yana bin ofisoshi, alhali a Jamus kusan kowace takarda tana jiran wata ce kafin ta fito. Saboda haka yawancin aikin sauka lafiya a gida ake yin sa, domin tun ran gini ran zane.

Takardun jami'a da biza

Kafin ka yi zancen jirgi, ka fara da yarjejeniyar karatu, wato takardar da ke lissafa darussan da za ka ɗauka a can da waɗanda za su maye gurbinsu a sashenku. Ɓangarori uku ne ke sa mata hannu: kai, da jami'arka, da jami'ar da za ta karɓe ka. A Turai ana auna nauyin darussa da makin ECTS, kuma cikakken zango ɗaya maki 30 ne. Ka zauna da shugaban sashe da malamin da ke kula da ajinku ku daidaita darussan ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ka gamsu da alkawarin baki, domin shugaban sashe yana iya sauyawa kafin ka dawo, wanda ya gaje shi kuwa abin da ke rubuce a fayil kaɗai zai yi aiki da shi. Ka duba jadawalin shekara ma. Zangon hunturu a yawancin jami'o'in Jamus yana farawa ne ranar 1 ga Oktoba, a shiga aji wajen tsakiyar watan, na bazara kuma yana farawa 1 ga Afrilu, yayin da jadawalin jami'o'in gwamnati a Najeriya ya sha gurɓacewa, musamman bayan yajin aikin malamai na 2022 wanda ya ɗauki wata takwas. Idan tafiyarka za ta faɗo a tsakiyar zango, ka samu izinin ɗage jarrabawa a rubuce kafin ka tashi.

Zaman da ya wuce kwana 90 yana buƙatar bizar ƙasa mai alamar D, wadda kuɗinta Yuro 75 ne, ba bizar ziyara ba. Jamus tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, tana kuma da ofishin jakadanci a Yamai, kuma shafin intanet na ofishin ne zai gaya maka inda ake karɓar takardun ɗalibai a lokacin da kake nema. Ranar da takardar gayyata ta zo hannunka, a ranar ya kamata ka nemi lokacin ganawa, saboda layin yana da tsawo a watannin da ke gabanin Oktoba. Ka tabbata wa'adin fasfonka ya zarce ranar dawowarka da aƙalla wata uku, kuma yana da shafuka biyu da ba a buga musu komai ba. Sunanka a fasfo da a takardun makaranta ya zama iri ɗaya harafi da harafi, domin Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ne a unguwa, amma a gaban jami'in biza mutum biyu ne.

Gwamnatin Jamus tana son shaidar cewa za ka iya riƙe kanka, kuma tun Satumban 2024 ma'aunin shi ne Yuro 992 a wata. Wanda ba shi da tallafi yana zuba kuɗin watannin da zai yi a cikin asusu na musamman da ake kullewa, a riƙa sakar masa na wata-wata. Tallafin Erasmus+ ga masu zuwa daga wajen Turai yana tsakanin Yuro 800 da 900 a wata gwargwadon ƙasa, don haka ana iya neman ka nuna cikon abin da ya rage. Wani abu da ɗalibai ba su cika sani ba shi ne kashin farko na tallafi sau da yawa ba ya fitowa sai mutum ya isa ya buɗe asusun banki. Ka riƙe tsabar Yuro da za ta ishe ka hayar watan farko da kuɗin ajiyar ɗaki, wato na jingina da ake mayarwa idan ka tashi, da abincin mako uku, kuma a cikinta a samu ƙananan takardun 10 da 20, domin ƙananan shaguna ba sa son karɓar manyan takardu.

Ɗaki shi ne mabuɗin sauran

A nan ne nake so mai karatu ya fi natsuwa. Doka ta wajabta wa duk wanda ya tare a wani gida a Jamus ya yi rajistar adireshinsa a ofishin gari cikin kwana 14, kuma ba za a yi masa rajistar ba sai ya kawo takardar da mai gida ya sa wa hannu cewa lallai ya tare. Bankuna da yawa suna neman wannan rajista kafin su buɗe asusu, katin inshorar lafiya da lambar haraji ta gidan waya suke zuwa ga adireshin, ofishin baƙi ma da ita yake aiki. Wanda ya sauka babu tabbataccen ɗaki, dukkan waɗannan za su tsaya cik, yana kuma biyan kuɗin otal kowane dare daga ɗan abin da ya zo da shi.

Mafi aminci shi ne ɗakin kwanan ɗalibai na Studierendenwerk, wato hukumar kula da walwalar ɗalibai ta garin da za ka je. Jami'o'i da yawa suna ware wa ɗaliban musaya ɗakuna, amma sai an cika fom kafin ranar rufewa, wadda takan zo watanni kafin a buɗe zango. Ka nema tun ranar da aka ba ka gurbi, kada ka jira biza ta fito. Idan ba a dace ba, sai a koma ga gidajen haɗaka, inda ɗalibai uku ko huɗu ke da ɗaki kowa da nasa amma suna tarayya a kicin da banɗaki, kuma sau da yawa maza da mata ne a haɗe. Ɗalibar da ba ta son haka, ko iyayenta ba za su lamunta ba, ta rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje tun da wuri ta nemi gidan mata zalla, domin buƙata ce da aka saba ji kuma babu abin kunya a cikinta. Kuɗin ajiya bisa doka ba ya wuce hayar wata uku. Duk wanda ya nuna maka hotunan ɗaki mai kyau da araha a intanet, ya ce shi yana wata ƙasa amma ka tura kuɗi zai aiko da makulli, ɗan damfara ne, kuma baƙin ɗalibai su ne abincinsa. Tambaya ɗaya tana tace masu gida na gaskiya: shin za a ba ni takardar yin rajistar adireshi? Idan amsar a'a ce, ɗakin bai yi ba komai arharsa.

Abin da ke shiga akwati da abin da ba ya shiga

Akwatin da ake aunawa yawanci kilo 23 ne, kuma rabinsa bai kamata ya tafi a kan tufafi ba. Rigar sanyin da ake sayarwa a kasuwanninmu an yi ta ne don hunturun Kano ko Jos, saboda haka ka tafi da ɗaya da za ta kai ka makon farko, ka sayi mai kauri a can, inda shagunan gwanjo suke da yawa. Ka sa kaftani ko atamfa mai kyau guda ɗaya ko biyu saboda Juma'a da Idi da ranar da za a ce kowa ya nuna al'adun ƙasarsa. Ka sa buta ƙarama, domin ba za ka same ta a banɗakin can ba. Soket ɗin Jamus mai ramuka biyu ne zagayayyu, wanda ɗan Nijar ya saba da shi, amma ɗan Najeriya mai caja mai baki uku yana buƙatar mahaɗi, kuma gara ya saya a gida da ya tsaya nema a daren farko waya tana mutuwa.

Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su daga ƙasashen waje. Ma'anar wannan ita ce kilishi da dambun nama da man shanu da cuku ba sa tafiya, komai kyawun naɗin da aka yi musu, kuma idan aka kama za a ƙwace, ana iya cin tara. Yawancin ɗanyun 'ya'yan itatuwa da ganyaye ma suna buƙatar takardar shaidar lafiyar tsirrai, busasshen waken Najeriya kuwa an dakatar da shigarsa tun 2015 saboda maganin ƙwari. Abin da ya fi sauƙin wucewa shi ne busassun kayan miya da aka niƙa, irin su kuka da kuɓewa da yaji, a ɗan ƙaramin adadi, a cikin leda mai haske da aka rubuta sunan abin a jiki. Daddawa tana son a naɗe ta ninki uku a sa a roba mai murfi, in ba haka ba duk tufafin akwatin za su ɗauki ƙamshinta. Idan kana shakkar wani abu, ka bi ƙofa mai alamar ja a wurin kwastan ka nuna shi da kanka.

Fasfo, da takardar gayyata, da kwantiragin ɗaki, da shaidar tallafi da ta inshora, da katin rigakafin shawara, duk a jakar hannu suke zama, tare da magungunanka da takardar likita da kayan sawa na kwana ɗaya. Batirin cajin waya ma a jakar hannu ake sa shi, turare da humra kuma a babban akwati, saboda ruwan da ya wuce mililita 100 ba ya shiga cikin jirgi a hannu. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka tura wa kanka ta imel, ka bar kwafi ɗaya a gida wurin wanda ya iya karatu kuma yake ɗaga waya.

Sallama da gida

Sallama aiki ce mai cin lokaci, kuma bai dace a bar ta sai daren tafiya ba. Ka ware kwanaki ka zaga wurin kakanni da kawunnai da gwaggonni da malamanka na allo da na boko, ka nemi gafara da addu'a, domin wanda aka tsallake yakan riƙe abin a zuciya fiye da yadda matashi ke zato. Ka zaunar da iyaye ka yi musu bayani dalla-dalla: sunan garin, tsawon zaman, ranar dawowa, da lambar ofishin jami'ar. Ka kuma faɗa musu gaskiyar kuɗin, cewa Yuro 900 da ke zama dukiya idan aka canza ta zuwa Naira ko Sefa, a can haya da inshora da abinci ne ke cinye ta, domin kada a zauna ana jiran aike da ba zai zo ba, har zumunci ya yi tsami.

A cikin masu zuwa sallama za a samu mai ɗauke da ƙunshi, yana so ka kai wa ɗansa ko abokinsa. Kada ka karɓi abin da ba a buɗe a gabanka ka ga cikinsa ba, ko daga wa ya fito, domin duk abin da aka samu a akwatinka naka ne a idon hukuma. Ana iya ƙi cikin ladabi: “Kawu, a yi mini afuwa, makaranta ta gargaɗe mu kada mu ɗauki saƙon da ba mu ga cikinsa ba, a bari mu buɗe tare.” Mai niyyar alheri ba zai ƙi buɗewa ba.

Ka tafi da layin wayarka na gida kuma ka buɗe masa damar aiki a ƙasar waje, saboda ta nan lambobin sirri na bankinka ke zuwa. Game da kiran gida akwai sauƙi guda: daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris agogon Jamus daidai yake da na Najeriya da Nijar, a sauran watannin kuma yana gaba da awa ɗaya. Ku tsayar da rana da lokacin waya, misali kowace Juma'a bayan la'asar, domin hankalin Inna ya kwanta, kai kuma kada ka wayi gari jikinka yana Jamus amma yininka duka yana cikin WhatsApp na gida.

Ranar sauka

Jirgin da ke tashi kai tsaye daga Abuja ko Legas zuwa Frankfurt yana yin kimanin awa shida, masu tashi daga Kano ko Yamai kuwa sukan yada zango a wata ƙasa. Ka zaɓi jirgin da zai sauke ka da safe a ranar aiki, kuma ka sanar da mai kula da ɗakunan lokacin isowarka, saboda ofishinsa yana da sa'o'in da yake ba da makulli, kuma ranar Lahadi shaguna a rufe suke in ban da na manyan tashoshi da filayen jirgi. Jami'in shige da fice zai tambaye ka dalilin zuwanka da inda za ka zauna. Ka amsa a taƙaice, ka miƙa takardar gayyata, kuma ka dube shi a ido, domin sunkuyar da kai da muke yi don girmamawa, a can ana iya fassara shi da ɓoye wani abu.

Filin jirgin Frankfurt yana da tashoshin jirgin ƙasa biyu, ɗaya ta masu dogon zango irin su ICE, ɗaya ta na kusa, kuma tikitin ƙaramin jirgi ba ya aiki a babba. Babu mai tare ka a ƙofa ya nemi tikiti, amma mai duba yana zuwa a tsakiyar tafiya, kuma tarar rashinsa Yuro 60 ce. Jami'o'i da yawa suna haɗa baƙo da wani ɗalibi da zai tarbe shi. Idan an yi maka tayin haka ka karɓa, domin mutum ɗaya da ya san hanyar tasha zuwa ɗaki ya fi taswira goma ga wanda ya kwana a jirgi yana jan akwati biyu.

Mako biyun farko

Da ka karɓi makulli, ka ɗauki hoton duk wani tabo ko karaya a ɗakin ka sa a rubuta a takardar miƙa ɗaki, domin da ita za a auna ko za a mayar maka da kuɗin ajiyarka. Ka manna sunanka a akwatin wasiƙa a ranar, saboda ma'aikacin gidan waya suna yake bi, kuma wasiƙar da ba ta ga suna ba komawa take yi. Daga nan sai rajistar adireshi, wadda ake kira Anmeldung, a ofishin gari, wato Bürgeramt, inda a manyan birane ake kama lokaci ta intanet, kuma ana iya kamawa tun kana gida. Bayan ta sai asusun banki, sai inshorar lafiya, wadda ke kamawa tsakanin Yuro 120 da 150 a wata ga ɗalibin da bai kai shekara 30 ba, kuma jami'a ba ta kammala rajistar kowa sai kamfanin inshora ya aika mata da tabbaci. Inshorar ɗalibai tana fara aiki ne da farkon zango, don haka wanda ya iso a Satumba yana buƙatar inshorar tafiya ta kwanakin da ke tsakani. Layin waya na Jamus ma sai an tantance fasfo ake kunna shi. Wata wasiƙa za ta zo tana neman Yuro 18.36 a wata na kuɗin rediyo da talabijin, kuma gaskiya ce, ana biyan sa a kan kowane gida ko da babu talabijin a ciki, masu gidan haɗaka kuma raba shi suke yi.

Ka duba ranar ƙarewar bizarka a makon farko. Idan ba ta kai ƙarshen zamanka ba, ka nemi izinin zama a ofishin baƙi tun da sauran makonni masu yawa. Bizar tana ba ka damar ziyartar ƙasashen Schengen irin su Faransa da Holan har kwana 90 cikin kwana 180, amma Ingila ba ta ciki.

Salla, abinci, sanyi da aji

Alƙibla daga Jamus kudu maso gabas take, ba gabas ba kamar yadda jiki ya saba. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4:30 na yamma a Frankfurt, har azahar da la'asar da magariba su taru cikin awa huɗu, a daidai lokacin da ake aji, a Yuni kuwa magariba tana wuce ƙarfe 9:30 na dare. Ka karɓi jadawalin masallacin da ke kusa da kai, ka tambayi ƙungiyar ɗalibai Musulmi inda suke salla a harabar jami'a. Ɗalibi Kirista zai samu ƙungiyoyin ɗalibai na Katolika da na Furotesta a kusan kowace jami'a, kuma suna daga cikin masu taimakon baƙi ba tare da duba addini ba. Naman halal yana shagunan Turkawa da Larabawa, kalmar Schwein a jikin abinci tana nufin alade, kuma kantin cin abinci na jami'a yana rubuta abin da ke cikin kowane kwano. Bayan alwala a goge ƙasan banɗaki, domin jiƙaƙƙen daɓe yana cikin abubuwan da suka fi haddasa saɓani da abokan zama, tare da hayaniya bayan ƙarfe 10 na dare da rashin rarraba shara.

Duhun hunturu yana taɓa zuciya fiye da yadda sanyinsa ke taɓa jiki, kuma kewar gida takan taso ne bayan an gama zirga-zirgar takardu, ɗaki ya yi tsit. Maganinta shi ne fita da rana ko da gajimare ya rufe, da halartar makon gabatarwa da darasin Jamusanci, da cin abinci cikin mutane. Idan abin ya yi nauyi, hukumar ɗalibai tana da masu ba da shawara kyauta kuma cikin sirri. Duk wanda zazzaɓi ya kama a makonnin farko ya gaya wa likita a jumlar farko cewa daga ƙasar da ke da cizon sauro ya zo, domin likitan can ba zai kawo hakan a ransa da kansa ba. Mai ciwon sikila ya zo da bayanin likitansa cikin Turanci, ya nemi likita tun yana lafiya, saboda sanyi yana tayar da ciwon. Lambar gaggawa 112 ce, ta 'yan sanda 110, ta likitan dare da ƙarshen mako kuma 116117.

A aji, idan jadawali ya ce ƙarfe 10 da haruffan c.t. a gaba, darasi zai fara ne 10:15, idan kuma s.t. ne to 10 daidai. Ana kiran malami da muƙaminsa da sunan danginsa har sai shi da kansa ya ce a sauƙaƙa, kuma yin tambaya ko saɓa masa da hujja ba rashin ladabi ba ne, shirun ɗalibi ne ma ake ɗauka alamar bai yi karatu ba. Halartar darasi ba ta wadatar, domin jarrabawa tana da rajistarta daban mai ranar rufewa, kuma wanda ya kuskure ta zai dawo gida babu maki. Ma'aunin sakamako a juye yake da namu: 1.0 shi ne mafi kyau, 4.0 ƙarshen ci, 5.0 faɗuwa. Ka yi wa sashenku na gida wannan bayani a rubuce tun yanzu, tare da teburin ma'aunin daga jami'ar da ta karɓe ka. Idan kuma wani darasin da ke cikin yarjejeniyarka bai buɗe ba a wannan zango, ko ya yi karo da wani, ka gyara yarjejeniyar a makonnin farko, ɓangarorin uku su sake sa hannu, ka tura kwafi ɗaya a sa a fayil ɗinka na gida.